Fuskar da ke Bayan Hasiya

Wayyo maraici! Kwana huɗu ke nan ba wanda ya taɓa ƙwaryar da Hasiya ta sha ruwa. A gidan kawunta Tsoho, nan Gidan Rumji, an ware mata kwano, an ja tabarmarta bakin garken awaki. In ta ratsa unguwa za ta lakol, wato makaranta, sai uwaye su suri 'ya'yansu su shige ɗaki suna tofe-tofe. Ɗiyar da ba uwa ba uba, shekara sha biyar, wai ita ce mayya!

Hoto ne ya ja mata. A shekarar da sojoji ke shirin miƙa mulki aka kawo wa lakol ɗinsu ordinater, wato kwamfuta, guda uku da abin ɗaukar hoto. Malamarsu, Madam Ummukulsum, ta koya masu jera hotuna kowane a gidansa, da gyara haske, da yanke gefe. Da yake Hasiya ce ta ɗaya a aji, ita aka damƙa wa aikin kula da hotunan, abin da ya tsaya wa Zalika, ɗiyar kawun da suke aji ɗaya, a maƙoshi. Madam na tafiya taro Maradi, sai ga hoton 'yan aji yana yawo daga wayar salula zuwa wata. Kowa na murmushi, amma a bayan Hasiya ga wata mata fari-fari kamar hayaƙi, ba ƙafafu, ta ƙura wa mai kallo ido. Tsofaffi suka duba suka ja salati: Kande ce, uwar Hasiya, wadda aka binne shekara sha biyu da suka wuce! Gefen mayafinta kuma ya rufe fuskar Fadimatu, abokiyar zaman Hasiya a benci. Washegari Fadimatu ta kwanta da zazzaɓi tana sambatu.

Rana tsaka aka kawo marar lafiyar filin lakol a amalanke, aka shimfiɗe ta a ƙasa. Jama'a ta yi da'ira.

"Tsallake ta sau uku ki sakar masu kurwar ɗiya," in ji Tsoho, "ko ki bar mani gida yau ɗin nan!"

"Kawu, mi na yi maku?" Hawaye suka wanke mata fuska. "Wallahi ko a mafarki Inna ba ta zo mani... Ya Allah, kai ne gatan marar gata!"

Ta san in ta tsallake, ta amsa sunan maita ke nan har kabari. In ta ƙi, ba ta da inda za ta kwana. Ta ɗaga ƙafa...

"Aje ƙafar nan!" Madam ce, ta diro daga kan babur ko jaka ba ta sauke ba. "A kai yarinyar ga likita. Ku kuma dattawa, ku biyo ni aji."

Ta buɗe hoton a ordinater, ta yi ta ƙara masa girma har fuskar mamaciyar ta cika gilashin na'urar. Wasu suka ja da baya suna a'uziyya. Ta sa yatsa a kafaɗar matar, inda wani rabin zobe shuɗi ya fito da rubutu a ciki.

"Malam Tsoho, tun yaushe mutanen lahira suka fara yawo da hatimin hukuma? Daga katin ɗan ƙasa aka ɗauko fuskar ga. Ina katin marigayiya?"

Tsoho ya ce, "Yana... yana cikin akwatina."

Madam ta buɗe kwandon da ordinater ke tara abin da aka goge. Wadda ta yi aikin ta ɗauka in an goge shi ke nan. Ga hoton katin Kande nan, riƙe a hannu mai jan lalle da zoben azurfa. Idanu suka koma kan Zalika, wadda ke ta cusa hannunta cikin hijabi. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya! Nan ta zube tana ihun a yafe mata, nan kuma daraktan lakol ya kore ta, ta fita ana yi mata tir. Tsoho ya cire hula ya durƙusa gaban 'yar ƙanwarsa, gemu sharkaf da hawaye, yana cewa, "Na ci amanar Kande, ɗiyata..." Madam ta ce daga yau Hasiya a gidanta za ta zauna. Fadimatu kuwa zazzaɓin sauro ne, kwana uku ta miƙe.

Da aji ya watse, Madam ta kai hannu za ta goge mugun hoton. Hasiya ta riƙe mata hannu.

"Madam, don Allah ki bar shi. Ki yanke sauran, ki bar mu mu biyu." Ta shafa gilashin a hankali. "Ina 'yar shekara uku ta rasu. Sai da hoton ga ya fito na san fuskar Innata."