Unguwar da Harbi Ba Ya Korar Mutane

"A can, harsashi ɗaya za ka saki sama, titi ya zama fayau," in ji Auta, yana jujjuya ƙaramar bindiga a yatsa kamar makullin mota. "Mai shago ya kwanta, mai gadi ya kwanta, har karen gidan ya kwanta. Ku nan wasan yara kuke yi."

Su huɗu ne a garejin Sifana da rana tsaka, an ja ƙofa rabi. Oga Shiru, shugabansu, na zaune a kan tsohuwar taya. Walda ya jingina da bango yana sakace. Sifana kuwa rabin jikinsa na cikin injin wata mota mai ruwan toka da aka sato jiya aka sauya mata lamba. Shi ne direban ƙungiyar, shekara tara ke nan. Auta ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, namiji ɗan shekara talatin, wanda ya dawo wata biyu da suka wuce daga babban birnin bakin teku da tabon wuƙa a wuya da baki cike da labari.

"A birnin teku akwai unguwar da 'yan sanda ba sa shiga sai da mota uku," Auta ya ci gaba. "A birnin masana'antu, inda na yi shekara biyu, hannu ake sarewa saboda waya. Nan fa? Jiya na ga mutum ya bar babur da makulli a jiki ya shiga shago. Wallahi ni na ji masa kunya."

"Ni na zauna a birnin gwamnati," in ji Walda. "Can ba ruwansu da bindiga, da biro ake fashi."

Suka kwashe da dariya, ban da Sifana. Ya tsani wannan hira har cikin ransa. Ƙato ya zauna yana alfahari da yawan gawar garin da ya baro, kamar mai ba da labarin ƙwallayen da ƙungiyarsu ta ci. Amma ya haɗiye, domin shi ya kawo shi. Ranar da Auta ya dawo, Inna, mahaifiyarsu, ta kama wuyan hannun Sifana ta ce, "Ga ƙanenka nan na damƙa maka. Allah Ya fito min da shi daga waccan wuta, kada ya fita daga idonka." Sifana ya san halin ƙanensa, ko an ɗaure shi da igiya sai ya nemi 'yan harka. Sai ya ga gara ya yi a gabansa, inda zai iya mayar wa Inna da shi gida kowace yamma da ƙafafunsa. Wannan ita ce dabarar da ya yi, yana kuma ganin kansa mai wayo.

Oga Shiru ya ɗaga yatsa ɗaya. "Shagon wayoyi, ƙarfe biyu, lokacin da rana ta kori kowa inuwa. A shiga shiru, a fito shiru. Bindiga ta nunawa ce kawai. Ba harbi."

"Ko sama?"

"Ko sama."

Sifana ya fito daga injin yana goge hannu da tsumma. "Ka saurare ni, Auta. A can kowa baƙo ne, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba, shi ya sa harbi na tashi kowa ke kulle ƙofarsa. Nan mai shagon surukin mahauci ne, mahauci abokin mai faci ne, mai faci ɗan yayan tela ne. Ka yi harbi a nan, fitowa za su yi."

"Haba Yaya," Auta ya yi murmushi. "Tsoro ai ba shi da gari. Mutum mutum ne ko'ina."

"Na dai gaya maka."

"Na ji, na ji. Tsufa ya fara kama ka."

Ƙarfe biyu saura kaɗan motar ta tsaya taku goma daga shagon, injin na aiki. Titin ya yi tsit. Mai faci na barci a kan benci da hula a fuska. Mahauci na korar ƙuda a kasalance. A shagon da ke manne da na wayoyin, keken ɗinkin wani tsohon tela na ta kaɗawa. Su uku suka ja hulunansu suka rufe fuska, suka fita. Sifana ya riƙe sitiyari, idonsa na kan madubi.

A ciki, mai shagon na nuna wa wata ma'aikaciyar jinya waya, tana ƙorafin tsada. Ya ɗago ya ga bakin bindiga a tsakanin idanunsa.

"Kwanta. Ke ma. Ba wanda zai taɓa ku," in ji Oga.

Suka kwanta. Walda ya buɗe jaka, ya share kanta da hannu ɗaya. Kwali bayan kwali. Matar na ta salati ƙasa-ƙasa, kumatunta a kan siminti. Minti biyu aka gama. Oga ya fito, Walda na biye, suna tafiya a natse kamar waɗanda suka sayi katin waya. Suka shiga mota. Aiki ya yi kyau, sai dai bai ishi Auta ba, domin ba wanda ya gan shi.

Daidai nan tsohon telan ya fito kakkaɓe ƙyalle. Ya tsaya ya dubi mutumin da ya rufe fuska a wannan zafi. Bai ma ce komai ba. Auta ya juyo ya kalli motar, ya tabbata suna kallonsa, ya ɗaga hannu sama.

Tau!

Tsuntsaye suka tashi daga kan wayar lantarki. Sannan ƙofofi suka fara buɗewa, ɗaya, biyu, goma. Mai faci ya diro daga benci da ƙarfen cire taya. Mahauci ya tsallako tebur da wuƙa. Mata suka fito da abin da hannu ya kama. Wani ya busa usur daga kan bene, wani ya amsa daga bayan layi.

"Ɓarayi! Ku tare hanya!"

Auta ya tsaya sororo. Bai taɓa ganin mutane sun nufo harbi ba. Telan ya miƙa hannu ya cafki rigarsa, tsoho mai tabarau a kan hanci da tef ɗin awo a wuya. Auta ya sauke bakin bindigar.

Tau!

Tsohon ya zauna a ƙasa, sannan ya kife.

"Auta, gudo!" Sifana ya yi ihu ta taga.

Ya taho. Taku bakwai, taku biyar. Rabin bulo ya same shi a gwiwa, ya faɗi, bindigar ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin tebur. Ya miƙe yana jan ƙafa. A gaba, samari biyu na turo amalanke za su toshe titi. Saura ɗan fili, daidai faɗin mota.

"Ja!" in ji Oga.

Daga baya Sifana ya so ƙwarai ya tuna cewa Oga ya ɗora masa bindiga a ƙeya. Bai ɗora ba. Gaskiyar ita ce ƙafarsa ta taka totur tun kafin kalmar ta gama fita. Ya ji tafin hannu ya bugi bayan motar, ya ji "Yaya!" sau ɗaya, a madubi kuma ya ga mutane sun rufe wurin.

Suka bar unguwar a baya.

"Ƙarfe mai kyau ya salwanta," in ji Walda, yana nufin bindigar. "Sabo ne fa."

"Na ce ba harbi," in ji Oga, yana leƙa cikin jaka. "Kowa ya ji na faɗa. Kai, rage gudu, kada ka jawo mana ido."

Sifana ya rage gudu. Shekara tara yana cin abinci kwano ɗaya da waɗannan mutane. Suka yar da motar a bayan wata masaƙa da aka rufe, kowa ya kama gabansa. Oga ya dafa kafaɗarsa ya ce ya je gida ya kwanta, ya yi ciwon kai na kwana biyu. Sifana ya cire hula da rigar sama ya cusa a kwata, ya tare mai babur, ya ce a mayar da shi unguwar.

A wannan lokacin motar 'yan sanda na kan hanya, jiniya na kuka, amma tafiyar kamar ta masu rakiyar amarya.

"Kofur, ina za ka da sauri?" in ji Insfekta ga direbansu. "Bari su huce tukuna."

Shi ma daga birnin teku aka mayar da shi nan bara. Ba abin da yake so irin a zauna taron manya ya miƙe ya ce a yankinsa na dā gawa bakwai ake ɗauka a mako, amma a nan shekara guda ba a rubuta kisa ko ɗaya ba. Ƙarshen wata za a kwatanta alƙaluman birane, yana kuma sa ran ƙarin tauraro.

Sifana ya iso ya kutsa cikin taro kamar kowane ɗan kallo. An riga an tafi da telan. Matarsa na zaune a bakin shagon ta rungume tabaransa, ba ta kuka, tana dai kallon keken ɗinkin. Auta kuwa sun ja shi har ƙarshen layi, ya ƙare a kan kwalbatin da ya raba unguwar da ta gaba. Mutane sun yi da'ira suna ɗaukar hoto. Wani mai jini a takalmi na ba da labari da murya mai daɗi.

"Mu ba irin waɗancan biranen ba ne, da za a yi wa mutum fashi maƙwabta na leƙe ta labule. Nan garin zaman lafiya ne. Ka taɓa ɗaya, ka taɓa duka."

"Ni na fara samun sa a kai," in ji wani.

"Ƙarya kake, ni ne."

Sifana ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya gyara wa wasunsu mota. Mutanen kirki ne, masu gaisuwa da tambayar iyali, ga su suna gardama a kan wanda ya fara fasa kan mutum, da irin muryar da Auta ya yi hira da ita ɗazu a gareji. Ƙyama ta cika shi, tasu da ta ƙanensa da ya harbi tsoho don a gan shi, ta kansa kuma ta fi duka.

Insfekta ya zagaya gawar, hannu a baya. Ya dubi kwalbatin, ya dubi Saje da ke biye da shi.

"Nan ne iyakarmu, ko?"

"Nan ne, yallaɓai. Ƙafafunsa na ɓangarenmu, kansa na ɓangarensu."

"To ina mutum yake, a ƙafa ko a kai? Kira su su zo su ɗauki kayansu."

"Telan fa, yallaɓai?"

"A asibiti ya cika. Asibitin a yankina yake?"

"A'a, yallaɓai."

"To rubuta ba a nan ya mutu ba."

Saje ya buɗe littafi ya ɗaga murya, "Akwai wanda ya san shi?" Idonsa ya faɗa kan Sifana. "Kai, ba kai ne makanikin da ya gyara mana birki ba?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ku kuna ganin mutane. Matso ka duba."

Ya matso. Babu sauran fuskar da za a gane. Amma ya san hannun, ya san ƙaramin yatsan da ya karye tun suna yara, ranar da shi da kansa ya datse masa shi da ƙofa, ya kuma goya shi har gida yana roƙonsa kada ya faɗa wa Inna. Bai faɗa ba. Idan Sifana ya buɗe baki yanzu, mutanen nan ba su gama hucewa ba, ga duwatsu nan a zube.

"Ban san shi ba," ya ce. "Da gani ba ɗan nan ba ne."

"Ka ji ko?" Insfekta ya yi murmushi. "Rubuta, baƙo ne. Daga waje suke kawo mana."

Haka aka tashi. Tela ya bar mata da 'ya'ya biyar da kayan mutane rabi a ɗinke. Auta za a binne shi da lamba a madadin suna. Oga da Walda sun sami wayoyi cikin jaka, Insfekta kuma littafinsa bai ɓaci ba.

Rana na shirin faɗuwa Sifana ya shiga gida. Inna na tsakar gida tana kwashe shanya, rigunan Auta a kan kafaɗarta. Ta dubi bayansa, ta jira wani ya shigo.

"Ina ɗan'uwanka?"

Ya tsaya a bakin famfo yana wanke hannu, ya daɗe yana wankewa.

"Ya koma, Inna. Wani aiki ya taso masa a can. Bai samu ya yi miki sallama ba."

Ta saki rigar da ke hannunta. "Can? Inda ake kashe mutane a titi kamar kaji? Kana tsaye ka bar shi ya tafi?"

"Ina zaune, Inna."

Ta zauna a kan turmin da ke kife. Can ta share ido da bakin zani.

"Ka kira min shi gobe. Ka ce masa ni na ce ya dawo gida. A nan ko ba komai, ba wanda zai taɓa min shi."