Sukurorin Rumfar Iya Uwa

Da hantsi rumfar sola ta rufto wa Iya Uwa a gonar tumatir, bakin kwatar ban-ruwa. Kafin Insifeta Gidaɗo ya iso daga Kura, rai ya yi halinsa. Jama'a kuwa sun kewaye Dalhatu, mai waldar da ya kafa rumfar, kowa da sanda.

"Ranka ya daɗe, ka cece ni, kashe ni za su yi!"

Da ƙyar Gidaɗo ya cusa shi mota, don mutanen nan ba da wasa suka zo ba. Ya koma ya tsugunna cikin tarkacen. Sukurorin rumfar irin masu huda ƙarfe da kansu ne, duk kawunansu sun guntule. Ko ɗaya bai lanƙwashe ba. Ya dawo wurin Dalhatu a mota.

"Ka gwada su kafin ka ɗaura?"

"Wallahi na gwada! Ba na ɗaura sukuru sai na danne ɗaya na lanƙwasa. Mai kyau lanƙwashewa yake, marar kyau ya karye."

"Wa ya zaɓi na gwajin?"

"Ɗanbaba mai shago. Shi ya miƙo min da hannunsa."

Gidaɗo ya kama ɗaya daga ragowar da filaya, ya murɗa. Ƙas! Kamar busasshen kara.

A Bunkure suka sami Ɗanbaba, ko labari bai ji ba. Gidaɗo ya nuna masa sukurorin.

"Sababbi ne fil, Yallaɓai, daga Kano."

"To me ya huhhuda maka gaban riga haka?"

"Ɓera ne."

Kai, ɓera! Gidaɗo ya zagaya bayan shagon, ya jawo wata roba mai warin ruwan batir, tsatsa kwance a gindinta.

Ɗanbaba ya zube. "Kwata ce ta ɓalle, ruwa ya shiga shago, suka yi tsatsa. Na jiƙa su a ruwan batir suka yi ƙyalli. Na san yana cinye ƙarfinsu, shi ya sa na ba Dalhatu lafiyayye ya gwada. Ya ce min rumfar wata gona ce kawai."

"Ta faɗa kan mutum. Iya Uwa ta rasu."

Ɗanbaba ya ƙura masa ido.

"Yallaɓai, wace Iya Uwa? Ta bakin kwata?"

Gidaɗo ya gyaɗa kai.

"Innalillahi! Ita ta haife ni."

Ko ankwa ba a sa masa ba, da ƙafarsa ya shiga motar. Dalhatu ya matsa masa wuri.