Laimar da Virgil Ya Kawo

"Buhu? Lorene, buhu ya kawo miki a madadin zobe?"

Mama Opal ce ke faɗa a bakin ƙofa, 'yarta Lorene na bayanta tana hawaye. Ni kuwa, maƙwabciyarsu, ina jikin shinge ina shanyar wankin da ya bushe tun jiya.

Virgil, saurayin Lorene, sojan laima ne, irin masu dirowa daga jirgin sama, satinsa biyu da dawowa daga yaƙi a Faransa, yana ɗingishi. Darlene, 'yar ƙanwar Opal, wadda ta daɗe tana ƙyalla ido a kansa, ta riga ta zuga gidan cewa ƙyallen wata Bafaranshiya ne a buhun.

"Mama, ki bar shi ya buɗe mana..."

"Ba zan ba gurgu mai yawon mata 'yata ba."

"Anti, har turarenta nake ji," in ji Darlene.

Virgil ya zazzage buhun a kan dakali. Farin yadi ya malalo har ƙasa, gefe guda ya babbake.

"Laimata ce, Mama. Jirginmu na cin wuta na faɗo da ita. Lorene, zuciyata, so nake ki ɗinka rigar aurenmu da ita."

Opal ta matso kusa da yadin. Shekara uku ta yi tana ɗinkin laimar sojoji a masana'antar garinmu, har idonta ya raunana. Ta durƙusa ta kama bakin ɗinkin, tana bi da babban yatsa.

"Ta buɗe?"

"Ta buɗe, Mama."

"Duka? Ba inda ya ɓalle?"

"Ko zare ɗaya."

"Dubu nawa muka ɗinka... babu wanda ya taɓa dawowa ya ce mana sun buɗe."

Virgil ya cire hularsa.

"Ban san wadda ta ɗinka wannan ba. Amma ke na samu, ke zan yi wa godiya. Na gode, Mama."

Matar da ko a jana'izar mijinta ban ga hawayenta ba, sai ga ta tana kuka cikin yadin. Lorene ta rungume ta, ɗaya hannunta kuma ya lalubo na Virgil. Na gani sarai.

Opal ta fyace hanci ta miƙe.

"Lorene ba ta iya ɗinki ba, ɓata shi za ta yi. Ni zan yanka. Darlene, kama can gefen mu auna."

Ranar auren ma Darlene ce ta riƙe wa amarya jelar riga, fuska a murtuke, tun daga ƙofar coci har gaban fasto.