Kwamfutar Lungu

Ku matso kusa, ku rage murya. Abin nan da Tasalla ya faru, wata 'yar aji shida a makarantar kwana ta 'yan mata da ke bayan gari.

Jarrabawar fita ta matso, kuma darasin kwamfuta ne ya tsaye mata a wuya. Duk umarnin da ta rubuta wa na'ura ta maimaita lissafi, sai ta kama yi ta ƙi tsayawa. Malama Kulu ta gaji da faɗa mata: duk abin da kika sa ya maimaita, ki nuna masa inda zai tsaya.

Ran nan bayan la'asar Tasalla ta roƙi makulli, ta shiga ɗakin kwamfuta ita kaɗai. Tana cikin aiki aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya. Ɗakin ya yi tsit.

Sai ƙarar madannan kwamfuta. Ƙas, ƙas, ƙas.

A lungu akwai wata tsohuwar kwamfuta da ta daɗe da mutuwa, ko waya babu a jikinta. Ga ta a kunne. Gaban kwamfutar wata yarinya ce zaune, da irin kayan makarantar da aka daina sawa tun tuni.

"Sannu," in ji Tasalla.

Bakin yarinyar ya motsa. Sai da ya rufe sannan muryar ta fito, kuma daga cikin na'urar ta fito.

"'Yar'uwa, zo ki duba mini. Ya ƙi tsayawa."

Tasalla ba ta tsaya ɗaukar takalmi ba. Ta fizgi ƙofa ta fita da gudu, sai ta tsinci kanta tana shigowa ɗakin. Ta sake fita. Ta sake shigowa. Ta yi ihu, ihun bai wuce bango ba. Ta leƙa taga, hasken rana na nan inda yake, ko gezau. Ƙishi ya kama ta. Ta jingina da bango tana haki.

"Kin gaji," in ji muryar. "Zo ki zauna. Ni ma gajiya na yi na zauna."

Yarinyar ta yunƙura za ta ba ta wuri. Nan Tasalla ta ga abin da ya daskarar da ita: ƙafafun yarinyar sun shige cikin ƙafafun kujerar, katako da fata sun zama ɗaya.

"A tsaye zan duba," in ji Tasalla.

"Ba a aiki a tsaye."

"Ni haka na saba."

Ta matsa tana karanta Ayatul Kursiyyu a zuci. Lambobi na ta gudu a fuskar na'urar. Ta miƙa hannu ta kan kafaɗar yarinyar, sanyi ya ratsa ta har ƙashi. Madannan kamar ƙanƙara. Ta bi umarnin layi-layi, idonta na hawaye, har ta ga gurbin da aka bari. Ta yi Bisimilla, ta rubuta masa wurin tsayawa, ta danna.

Lambobin suka tsaya cak. Na'urar ta mutu.

Cikin duhun lungun muryar ta ce, a hankali, "To yanzu me zan yi?"

Tasalla ba ta waiga ba. Wannan karon ƙofa ta kai ta waje. Ta tarar da hantsi, makaranta ta hargitse, babanta zaune gaban ofis ya haɗa kai da gwiwa. An kwana ana nemanta. Ɗakin nan kuwa an buɗe shi ya fi a ƙirga, ba a ga kowa ba.

Ta ci jarrabawarta. Amma yatsanta na nuni bai sake ɗumi ba. Har yau, in ta bi rubutun kwamfuta da shi, daidai inda kuskure yake sai ya yi mata tsami.

Saboda haka kai Sagir, da kake cewa za ka tsaya bayan an tashi ka ƙara koyo, ka nemi abokin zama. In kuma wani ya ce zo ka zauna a kujerarsa, fara duba ƙafarsa.