Hita Arba'in da Takwas

A ƙasar nan babu abin da ake kira shara, akwai dai kayan da bai gamu da mai sayensa ba tukuna. Gordon Pruitt ne ya gano wannan gaskiya, ya sa aka rubuta masa ita da manyan baƙaƙe a saman ƙofar sitonsa da ke bayan layin dogo a Toledo. Shekara ashirin yana sayen kwantan manyan kantuna tirela-tirela, yana sayar wa ƙananan 'yan sari dila-dila. Har lambar yabo an taɓa ba shi saboda kare muhalli.

Wata Talata a watan Janairu, da hantsi, aka kira Sufeto Ray Dombek wani gida a arewacin gari. 'Yan kwana-kwana sun riga sun gama aikinsu. Wutar ba ta ci komai ba sai labule da gefen kujera. Mutumin da ke kan kujerar, Alvin Tibbs, tsohon direban bas, hayaƙi ne ya kashe shi. Tabarau na kan hancinsa, jarida na kan cinyarsa a buɗe a shafin wasanni.

Kusa da ƙafarsa akwai ƙaramar hita ta ɗumama ɗaki, gabanta ya narke ya zubo kamar kyandir. Dombek ya tsuguna. Hitar fara ce, wayarta baƙa. An kankare sunan kamfani, amma lambar da ke ƙasa tana nan.

'Yar mamacin, Charlene, tana tsaye a baranda cikin kayan aikinta na asibiti.

"Wa ya kawo masa hitar nan?"

"Ni ce, Yallaɓai. Ranar Asabar. Kullum yana cewa sanyi na shigar masa gwiwa."

"A ina kika saya?"

"Kasuwar Asabar, teburin wata Yolanda." Ta laluba aljihu ta fito da ɗan jan kati mai zare, an rubuta dala tara da biro. "Na cire don kada ya ga farashin. Sai ya fara faɗa wai na ɓata kuɗi, na ce Baba, araha ce fa."

Dombek ya juya katin. Daga wani babban kati aka yanko shi, don a bayansa akwai guntayen baƙin rubutu na ɗab'i.

A ofis ya buga lambar hitar a kwamfuta. Tun bara kamfanin ya janye irinta gaba ɗaya daga kasuwa, bayan ta cinna wuta a gidaje da dama. Wata mata a kamfanin ta yi masa bayani a waya cikin ladabi: an yanke wa kowace hita wayarta, an rataya mata jan katin gargaɗi, an miƙa wa 'yan kwangila su niƙe. Wane ɗan kwangila ne ya karɓi wannan? Za ta duba, ya ba ta mako guda. A rediyo kuma ana cewa daga Juma'a za a yi sanyin da ba a gani ba cikin shekara goma.

Ya sami Yolanda Reyes a garejinta tana zaune tsakanin kwalaye, tana ware safa da kayan wasan yara.

"Hita? Ni ban taɓa sayar da hita ba, Yallaɓai. Safa ce sana'ata. Ko kana so? Naka ma na ga sun gaji."

Dombek ya dubi kayan. Kowane da ɗan jan kati a jikinsa. Sannan ya dubi ƙasan kujerarta, inda wata farar hita mai baƙar waya ke hura mata ɗumi a ƙafa. Ya sunkuya ya zare ta daga bango.

"Kai, lafiya? Sanyi fa ake yi!"

"'Yar'uwar wannan ta kashe wani tsoho ɗazu da safe. 'Yarsa ce ta saya a teburinki."

Yolanda ta janye ƙafafunta a hankali. Ta daɗe tana kallon hitar.

"Jikata a nan take wasa idan ta taso makaranta," in ji ta. "Goma na sara. Wurin Gordon Pruitt."

"Katin fa?"

"Shi yake ba mu kyauta, kan kowace dila. Duk garin nan shi kaɗai ke yin haka. Mutumin kirki ne ta wannan wajen."

Laraba ce ranar ciniki a siton Pruitt. Tun da safe suka cika: masu tebur a kasuwar Asabar, masu kantin komai-dala-ɗaya, wani mai cika kwantena ya tura Haiti, mata biyu daga coci masu neman barguna, da samarin da ke sayarwa ta intanet daga ɗakin uwarsu. Suna zagaya diloli naɗe cikin leda, suna leƙe, suna ƙwanƙwasawa, kamar masu duba mara lafiya.

Pruitt ya taho da fara'a, ƙaton mutum cikin rigar sanyi mai tambarin wani banki da ya rushe.

"Sufeto! Me za a ba ka? Ina da kujerun ofis, ƙafa ɗaya kawai kowace ta rasa."

"Hita nake nema. Fara, mai baƙar waya."

"Abokina, ni a naɗe nake saye, a naɗe nake sayarwa. Dokar sana'ar ke nan: ba a buɗe leda, ba a dawo da kaya. Abin da ke ciki sai Allah."

"To wa ya sa musu waya cikin ledar?"

Pruitt ya buɗe baki, amma wata murya ta riga shi daga ƙuryar sito.

"Ni ne."

Wani tsoho ne siriri a bakin teburin gyara, da filaya a hannu. Walt Sobczak sunansa, shekara sha bakwai yana tayar wa Pruitt da matattun kaya.

"Guda nawa, Baba?"

"Arba'in da takwas. Kwana uku na yi a kansu, kuma je ka ja wayar kowace, ba za ta fita ba." Da alfahari ya faɗa. "Na talla ne. Kantuna suna yanke wa na kan kanta waya, don kada yara su jona. Kullum muna samun irinsu."

"Wa ya ce maka na talla ne?"

Walt ya dubi maigidansa.

"Ka ga wani kati a jikinsu?"

"A'a. Sai dai zare. Kowace da guntun zare a hannunta." Ya juya filayar a hannunsa. "Na ce a raina, me aka cire? Sai kuma na ci gaba da aikina."

Dombek ya gaya masa abin da aka cire, da abin da ya sami Alvin Tibbs. Walt ya ajiye filayar a kan tebur ba tare da ta yi ƙara ba.

Ofishin Pruitt ɗan ɗaki ne na katako. Kwalaben ruwa da aka wanke, tsofaffin ambulan da aka juya, kwalin robar ɗauri. A kan tebur akwai wuƙar yanka takarda, gefenta tarin ƙananan jajayen kati. Dombek ya ja durowa. Manyan katunan da ba a kai ga yankawa ba suna nan, guda bakwai, kowane da gargaɗin gobara da umurnin a lalata kayan. Ya ɗora katin Charlene a kusurwar ɗaya. Rubutun ya haɗu.

"Ka ce ba ka buɗe leda."

Pruitt ya zauna. Kujerar ta karkata, don ita ma ƙafa ɗaya ta rasa.

"Ni aka ba kwangilar niƙewa," in ji shi. "Sababbi fil, Sufeto, cikin kwalinsu. Cikin dubu, ɗaya ce fa take kamawa da wuta. Hannuna ya ƙi."

"Katin kuma? Da ka ƙona su, da sai na jira mako guda."

Pruitt ya dube shi da mamaki na gaskiya.

"Kati mai kauri haka? Gefe ɗaya babu ko rubutu. Zubarwa zan yi?"

Aka sa masa ankwa, aka bi da shi ta tsakiyar masu saye, ta ƙarƙashin rubutun ƙofa. Mai kwantenan Haiti ya biyo su yana tambaya ko cinikin yau yana nan.

Kafin Juma'a 'yan sanda sun bi kanti-kanti, gida-gida, an sa sanarwa a rediyo. Aka tattaro arba'in da shida. Ta Alvin Tibbs ce ta arba'in da bakwai. Ta ƙarshen Yolanda ce ta sayar wa wata mata mai koren mayafi da ke tura keken jariri. Ba suna, ba rasit. Matar ta yi godiya sau biyu, iyakar abin da Yolanda ta tuna ke nan.

A watan Maris aka yi gwanjon siton, komai ya sami mai saye, har allon ƙofar. Ba a tuhumi Walt da komai ba, aka ce masa ya koma gida.

Bai koma ba. Duk Asabar yana bakin ƙofar kasuwa tun kafin a buɗe, da guntuwar baƙar waya a hannu, yana nuna wa duk macen da ta zo da keken jariri. Yawancinsu suna zaton bara yake yi. Wata rana Dombek ya tsaya ya sauke gilashin mota.

"Baba, sanyi ya wuce. Je ka huta."

"Zai dawo," in ji Walt. "Kuma wayar ba za ta fita ba. Ni na sa ta."