Sabis a Cike Daga Bayan Katanga

Auta ta buɗe ƙofa tana jiran ganin dattijo da ƙatuwar jakar kayan aiki. Sai ga wani dogon saurayi, hular kwano a hannu, ba jaka ba komai.

"Kai ne mai gyaran?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"To ina kayan aikin?"

Ya sa yatsu biyu a aljihun riga, ya zaro wani ɗan baƙin abu da bai kai babban yatsa ba. "Ga shi. Adafta ce, mai kamo intanet ba tare da waya ba."

Ta dubi abin, ta dube shi. Wallahi ba don ƙafar Umma ba, da ta mayar da ƙofar ta rufe. Shekaranjiya Umma ta harɗe da doguwar wayar intanet da ta taso daga rawuta, akwatin intanet da ke falo, ta ratsa har ɗakin karatun Abba, ta faɗi ta gurɗe. Abba ya ce a raba gidansa da wayar nan, amma kada a kuskura a raba shi da ganin Yaya, babban ɗansa da ke aiki can nesa, wanda yake kira ta bidiyo a tsohuwar kwamfutarsa ta tebur.

Shi kuwa Abba tsohon hedimasta ne, mutumin da ko kujera ba ta matsawa a gidansa sai ya sani. Ya ja tasa kujerar ya zauna daf da mai gyaran, ya tsare shi da ido.

Saurayin ya durƙusa bayan kwamfutar ya soka adaftar a raminta. Kwamfuta ta yi ɗan ƙara, ta yi shiru.

"Ta ƙi," in ji Abba.

"Ba ta san ta ba ne tukuna, Abba. Sai an sa mata manhajarta."

Ga faifai a kwalin, amma wurin sa faifai na kwamfutar ya shekara bai buɗe ba. Sai ya sauke manhajar a wayarsa, ya tura ta igiya, ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa. Jerin sunayen wayfai na unguwa ya bayyana, har guda bakwai.

"Na gidan nan shi ne na sama. Ka ga layukan nan? In sun cika, abin yana kusa ke nan. Saura lambar sirri."

Auta ta kifa rawuta tana karanto lambar daga falo, yana maimaitawa daga ɗaki. Sau uku yana cewa bai ji ba, har ta zo bakin ƙofa ta karanta. Ta san sarai ya ji tun na farko.

Ya kai hannu zai danna ɗan akwatin da ke sa kwamfuta ta riƙa haɗa kanta, Abba ya dakatar da shi.

"Wannan na mene ne?"

"Don ta riƙa shiga da kanta, ba sai ka zaɓa ba."

"A'a. Ba abin da zai shiga ko ya fita a ɗakin nan ban sani ba. Koya mini, ni zan riƙa zaɓa."

Haka ya koya masa: ka danna nan, jeri ya buɗe, ka zaɓi na gida. Abba ya gwada sau biyu, fuskar Yaya ta fito tar, Umma ta ɗingiso tana salati.

A bakin ƙofa mai gyaran ya nemi lambar Auta.

"Ba na ba da lamba, Injiniya."

"To shi ke nan. Gobe da biyar, in kin ji ƙarar babur, ki duba jerin wayfai a wayarki."

Washegari ta dawo daga asibiti, inda take aikin gwajin jini, tana ce wa kanta ba za ta duba ba. Biyar saura ta riga ta buɗe jerin. Babur ya tsaya bayan katanga, sai ga suna na takwas a jerin: *Sannu da aiki, Auta.*

Ta toshe baki da hannu. Ashe waya ma tana zama wayfai, mai ita ya raɗa mata sunan da ya ga dama! Ta ɗaga labule, ya ɗaga mata hular kwano.

Daga ranar kullum da sabon suna. *Ya ƙafar Umma?* Gobe, *Kin ci abinci kuwa?* Jibi, *Zuma, leƙo taga.* Ranar da hadari ya haɗo, *Koma ciki, ana yayyafi.* A sati na biyu ita da kanta ta rubuta lambarta a takarda ta jefa masa, amma bai daina ba, don ya ce ya fi son ya ga labule ya motsa.

Ta taɓa tura masa: "Injiniyana, yaushe za ka shigo ka gaida Abba?"

Ya amsa: "Zuma, mutumin da ya tsare ni da ido awa biyu? Tebur ɗaya gare ni a lungun shagon wani. Bari in ɗan tsaya da ƙafata, kada ya tambaye ni in rasa ta cewa."

Ta ji haushi, amma ta ƙyale shi. Son sa take yi, so mai yawa, kuma ta san tsoron nasa ba na ƙarya ba ne.

Akwai kuma Lauya, ɗan aminin Abba. Shi ta ƙofa yake shigowa, da jarida a hannu, kusan kullum da yamma. Sai ya tsaya a mota yana danne-dannen waya minti goma kafin ya yi sallama. Auta ruwa kawai take kai masa ta fito.

Wata Lahadi suna karin kumallo Abba ya ajiye kofi ya ce, "Auta, na san komai."

Cokali ya suɓuce mata.

"Sati shida ina karantawa. Kullum da biyar in na kunna kwamfuta na buɗe jeri, sai in tarar da shi, sabis a cike. Wai Zuma."

Innalillahi! Ɗan akwatin nan da Abba ya hana a danna! Ita ta manta, shi ma da ya koyar da hannunsa ya manta. Ɗakin Abba ne ma ya fi kusa da katangar. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ban ga laifi ba," Abba ya ci gaba. "Yaron yana da tarbiyya. Na ce wa mahaifinsa su zo ranar Asabar."

Wani sanyi ya ratsa ta. Ta ɗago a hankali. "Abba, ka san mahaifinsa?"

"Ji wata tambaya! Shekara arba'in muna tare. Ai ina gani, rubutu ya fito, tagarki ta buɗe, minti goma Lauya ya yi sallama."

Umma na ta murmushi tana sa albarka. Auta kuwa ta sunkuyar da kai. Ta yaya za ta dubi idon Abba ta ce ba wannan ba ne, wani ne da yake laɓewa a bayan katangarsa? Ta tashi ta shige ɗaki, ta rubuta wa Injiniya: "Abba ya ce mutanen Lauya su zo ranar Asabar. Kada ka zo bayan katanga, kada ka kunna wayfai. Zan yi maka bayani."

Ina ruwan mai kishi da bayani? Amsa ta zo nan take: "Na gane. Lauya ne, ni mai gyara. Allah ya sanya alheri."

Ta kira, bai ɗauka ba. Kwana uku tana kira, kwana uku jerin nan sunaye bakwai ne cur. A wurin aiki har abokiyar aikinta ta karɓe mata allura ta ce ta je ta wanke fuska.

Ranar Laraba Lauya yana zaune a ɗakin karatu, Auta ta shigo da tiren ruwa, Abba ya kunna kwamfuta ya buɗe jeri. Ta kan kafaɗarsa ta gani: *Zuma, sallama na zo yi.* Layuka a cike.

Abba ya dubi allon. Ya dubi Lauya, wanda ya riƙe jarida da hannu biyu, wayarsa a kife a kan tebur.

"Kai ka rubuta wannan?"

Lauya ya leƙo. "Ni, Abba? Ai ni ban ma san ana sa wa abin nan suna ba. Wace ce Zuma?"

Tiren ya yi ƙara a hannun Auta. Abba ya juyo ya dube ta, kallo ɗaya, ya zura takalmi ya fita. Ta dire tiren ta ruga tagarta.

Injiniya na zaune a kan babur, kansa a ƙasa. Da ya ɗago ya ga wanda ke tsaye a gabansa, sai da hular kwanon ta faɗi ta gangara cikin kwata.

"Kai ne?" in ji Abba. "Kai? Na buɗe maka ƙofata, na zaunar da kai a ɗakina, ka zaɓi katanga?"

"Abba, don Allah..."

"Kada ka ce mini Abba. Ka sa na je na ba aminina maganata a kan abin da ba shi ba ne. Kada in ƙara ganin ka a layin nan."

Ya dawo ciki, ya durƙusa bayan kwamfutar da kansa, ya fizge adaftar ya jefa a durowa ya kulle. Lauya dai ya naɗe jaridarsa ya sulale, ko ruwan bai sha ba.

Gidan ya yi tsit kwana biyu. Saƙon Injiniya ya shigo: "Zuma, ki yafe mini. Na zarge ki, ashe ni na jawo komai. Ko me Abba ya yanke, ba zan yi musu ba. Amma ina son ki, wannan kam ba zan iya fasawa ba."

Ta kai wa Umma kuka. Umma ta ce, "Ni ba zan yi miki magana ba. Gobe Asabar, kuma har yanzu bai ce wa mutanen nan kada su zo ba. Kin san abin da yake jira? Ke."

Da hantsi ta same shi zaune gaban kwamfutar a kashe. Ta durƙusa.

"Sati shida ina jin maganar mutum ɗaya," ya ce ba tare da ya juyo ba. "Taki ban ji ba. Ran Lahadi ina yabon Lauya kina zaune kamar gunki. Da ban gano ba fa? Sai ki bari a ɗaura?"

"Kunya ce, Abba."

"Kunyar da za ta kai ki gidan da ba kya so, ba na son ta. Faɗa mini yanzu."

Tunda take ba ta taɓa furta irin wannan a gabansa ba.

"Shi nake so, Abba. Mai gyaran. Ba ni da wani sai shi."

Can ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Zan je gidan aminina in ba shi haƙuri da bakina. Kunyar tawa ce, ni na yi gaggawa. Shi kuma wancan, ki ce ya zo da biyar. Ta ƙofa."

Ya zo da riga a goge, gumi har wuya. Auta da Umma suka laɓe a korido. Kafin a tambaye shi ya fara zubo bayani: tebur ɗaya gare shi, shagon ba nasa ba ne, babur ɗin ma tsoho ne.

"Na tambaye ka?" Abba ya katse shi. "Shekara talatin ina duba rubutun yara, na san hali a rubutu. Ka yi zaton ba mai gani sai ita, amma a sati shida ban ga kalma ɗaya da za ta sa in sunkuyar da kai ba. Ƙafar matata ka tambaya. Cin abincin 'yata ka tambaya. Ruwa ya sauko ka ce ta koma ciki, kai kana waje. Wanda ya rubuta waɗannan na ba wa 'yata tun ban san fuskarsa ba. Yanzu na sani, kuma ban janye ba. Ka turo manyanka."

Injiniya ya durƙusa. Baki buɗe yake kallon Abba, hawaye na bin kumatunsa. A korido Umma ta rungume Auta.

Bayan wata uku aka ɗaura aure, Yaya ya zo da iyalinsa, mahaifin Lauya ma yana sahun gaba. Da za a tafi da amarya, Abba ya kama hannunta ya sa a na mijinta.

"Ka riƙe ta da amana. Ke kuma, in abu ya dame ki, ki buɗe baki ki faɗa masa, kada ki jira a gano. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Kowa ya ce amin. A mota Auta ta waiwaya ta gilashin baya. Mutane sun fara komawa ciki, amma Abba yana nan tsaye a tsakiyar titi, ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita.