Ƙarar Kujerar Baya

Da faɗa suka fara haɗuwa. Ta shigo garejin da ƙaramar motarta fara, ta taka birki har sai da kowa ya ɗago kai, ta fito ta buga ƙofa. Barkono ake ce mata a gida tun tana ƙarama, kuma a asibitin da take aikin jinya babu wanda ya taɓa cewa sunan bai dace da ita ba.

Wata ƙara ce ta hana ta sakat. Ƙwas, ƙwas, daga wani wuri a bayanta, duk lokacin da taya ta faɗa rami. Makanike na farko ya canja mata ƙarafunan ƙafa, na biyu ya ɗaure salansa, na uku ya ce kunnenta ne. Na ukun nan har yau in ya hango farar mota sai ya shige ƙarƙashin wata.

Aka nuna mata wani dogon saurayi yana ɗinkin kujera a gefe, wanda 'yan gareji ke kira Mai Kunne. Aikinsa cikin mota ne: kujeru, rufi, robobin ƙofa, da duk abin da ke motsi ba a sa shi ba. Ya bari ta gama masifarta tsaf, sannan ya ce irin wannan ƙara ba a kama ta a tsaye. Sai ta tuƙa, shi kuma ya zauna a baya yana saurare.

"In kai ma kunnena za ka zarga, faɗi tun yanzu," in ji ta.

"Haba Sista, ai kunnenki ne shaidata."

Suka hau hanya mai gargada. Ta madubi take kallonsa yana danna rufi da tafin hannu, yana kara kunne a jikin ƙofa. Can sai ƙarar ta ɗauke ɗif, ta ji kamar an zare mata ƙaya. Amma suna dosar gareji sai ga ta nan, ƙwas. Ya ce ta dawo jibi.

Ta dawo jibi, ta dawo gata, har makonni suka shuɗe. Kullum ƙarar sai ta ɗauke a tsakiyar tafiya, ta dawo a ƙarshe. A cikin wannan shirun ne ya gane cewa ranar da faɗanta ya fi yawa, ranar ce ta rasa majinyaci. Ita kuwa ta gane cewa shi ne mutum na farko da ba ya ce mata ta yi haƙuri, sai dai ya saurara.

Wata rana saƙonsa ya shigo: "Barkonona, kin isa lafiya? Ƙarar ta raka ki?"

Ta mayar masa: "Ta rako ni har ƙofar gida. Kuma ka fara gyara min mota kafin ka fara raɗa min suna." Ta tura tana harara, amma murmushi ya ƙi barin bakinta.

Yayanta ne ya hango su a mahaɗar hanya, ƙato a bayan motar ƙanwarsa. Dama yana da aboki dillalin motoci da ya daɗe yana naci a kanta, don haka bai tsaya ko'ina ba sai gaban Abba. Abbansu tsohon direban babbar mota ne, bai yi hayaniya ba. Cewa ya yi a kira masa yaron.

Mai Kunne ya durƙusa a falo, ita kuma tana bayan labule, ta shirya kare shi da duk bakin da Allah ya ba ta.

"Na yi tuƙi har kaina ya yi fari," in ji Abba. "Ƙara ɗaya ba ta cin makonni. Ko dai ba ka iya aikinka ba, ko kuwa yaudarar 'yata kake yi. Wanne ne?"

Mai Kunne ya ɗago kai. Sannan ya ce tun tafiyar farko ya gano ƙarar. Ƙarfen bel ɗin kujerar baya ne ke dukan robar ƙofa. In ya damƙe shi a hannu sai ƙarar ta ɗauke, in sun kusa gareji sai ya sake shi.

Ba ta san lokacin da ta yaye labulen ba. Duk ciwon kan da take tafiya aiki da shi, duk zagin da ta yi wa motar da ba ta ji ba ba ta gani ba, ashe maganin yana tafin hannunsa yana kallon ta.

"Tsoro na ji," in ji shi. "In na gyara, ba ki da dalilin dawowa."

"To yanzu ma ba ni da shi."

Abba ya ce magana ta ƙare. Yaya ya yi ta washe baki, washegari sai ga dillali ya aiko da sabuwar mota, kujerunta ko leda ba a cire ba. Ta ce a mayar masa da kayarsa, ita ba ta ce tana neman mota ba, balle mai motar.

Mai Kunne ya roƙi Abba makullin farar motar don ya gama aikin da ya fara. Ya naɗe ƙarfen da siririn soso, ya bi kowace roba da kowace ƙusa ya ɗaure. Da yamma ya rubuto mata: "Na gama. Yanzu babu abin da zai sake kawo ki wurina. Laifina ne, ki yafe min." Ta karanta ta kifa wayar.

Abba da kansa ya ja motar zuwa hanyar da ta fi kowace lalacewa. Ya dawo yana ciccin magani, ya ce yaron ya iya aiki. Ya ƙara da cewa da yaron ya ce bai iya ba, da ya tsira da mutuncinsa a idonta, amma ya zaɓi ya faɗi gaskiya. Ta turo baki ta shige ɗaki.

Motar ta yi shiru, kuma shirun ya fi ƙarar ba ta haushi. Ta shiga rami da gangan, ba ta ji komai ba. In ta ɗaga ido ga madubi, sai kujera wayam. Tana kewarsa, kuma hakan ya fi komai ƙona mata rai. Ranar da abin ya ishe ta, ta tsaya a bakin hanya, ta buɗe ƙofar baya, ta sa farce ta yage soson nan tas.

Da ƙwas-ƙwas ɗinta ta shiga gareji. Ta ce wa Mai Kunne motarta tana ƙara. Ya ce ba zai yiwu ba, sai ta buɗe hannu ta nuna masa guntun soson. Ya miƙa hannu zai buɗe ƙofar baya, ta danna makulli.

"Ba ka ƙara shiga motar nan sai ka turo manyanka wurin Abba. Kuma in ka sake ɓoye min wani abu, ko da allura ce, za ka san dalilin da ya sa ake ce min Barkono."

"Na riga na sani, Barkonona."

Manya suka je, Abba ya amsa, Yaya ya gama kumburinsa ya sauko. Aka ɗaura aure, Abba ya dafa kawunansu ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya ce wa angon Allah ya ƙara masa kunnen saurare, don zai buƙace shi.

Fitarsu ta farko ita ce a sitiyari, shi yana gefenta. Taya ta faɗa rami, ƙwas. Ya juya zai kamo ƙarfen, ta doke masa hannu.

"Bar min kayata," in ji ta.